Shekarar da Araba Ta Nema

Mankessim, farkon Fabrairu

Kawu Osofo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, Osofo, kamar yadda muke kiran fasto a yarenmu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da tumakin Allah da aka ba ka kiwo a can cikin gonakin koko. Ni ce Araba mai bandar kifi, jikar Nana Otuwa, wadda ta fito ciki ɗaya da mahaifiyarka. In ka manta fuskata, na san ba ka manta kifin da na cusa maka a jaka ranar jana'izar Kawu Ebo ba.

Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke ba ni labarin ruwan sama kafin rediyo. 'Yata Kukua ma lafiya, in ban da faɗuwar da ta yi a gaban murhun banda watan jiya. Muna cikin juya kifi sai na ji tim! Sai da muka yayyafa mata ruwa. Ba wani abu ba ne, na faɗa ne kawai don ba a ɓoye wa dangi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kukua ta ce fasto za ta zama. Wai kira ta ji. Ni da na haife ta, in na kira ta daga bakin rumfa ba ta ji, amma ta ji wanda aka yi daga sama. Shugabannin cocinmu sun yarda. An kai maganar taron da'ira, wato na coci-cocin yankinmu, can ma kowa ya ɗaga hannu. Anti Baaba mai tumatir, shugabar ajinmu na ibada a coci, hannu biyu ta ɗaga, har mayafinta na zamewa. Ba don Allah ta yi ba, Kawu. Ta san in yarinyar ta tafi, rumfata ta mutu, ita kuma ta daɗe tana auna wurin da ido.

Rumfar nan kakata ce ta kafa ta, ta bar wa uwata, uwata ta bar mini. 'Ya mace ɗaya gare ni. Mazan biyu, ɗaya yana tuƙin mota a Takoradi, ɗayan kuma bai san bambancin kifin jiya da na yau ba. Kukua kuwa, kwando na kan mai kawowa za ta shaƙi iska ta ce, "Maame, kar ki taya, na shekaranjiya ne." Irin wannan hancin za a kai ƙauye yana shaƙar ƙurar littattafai?

An ce yanzu saura Sinod, kuma an ce kana cikin masu zama. Ka fahimtar da ni yadda abin yake. Kowace kasuwa tana da mai riƙe da sikeli. A taku wa ke riƙe da shi?

Taka,
Araba

Kwaakrom, ƙarshen Fabrairu

'Yata Araba,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Muna lafiya, sai dai haƙorin uwargida da ya hana mu barci kwanaki. Ban manta ki ba, kuma ban manta kifin ba.

Na yi murna da labarin Kukua. Mata kaɗan ne suka shigo aikin nan tun da aka buɗe musu ƙofa, kuma waɗanda na gani ba su ba mu kunya ba.

Ga yadda tsarinmu na Metodis yake. Magana takan fara daga ikilisiya, ta hau taron da'ira, daga nan ta zo Sinod na gunduma, wanda ke zama sau ɗaya a shekara, cikin Mayu. Abin da Sinod ya amince da shi ne ake kai wa Babban Taron ƙasa. Ba a tsallake mataki. Masu neman aikin fasto akan kira su gaban zaman fastoci, a tambaye su bangaskiyarsu da kiransu, a karanta sakamakon wa'azin gwaji da suka yi. Sai Shugaban Gunduma ya tambaya ko wani ya san dalilin da zai hana. Bayan haka a kaɗa ƙuri'a. Ba mai riƙe da sikeli shi kaɗai. Shugaba ba sarki ba ne.

Amma wani layi a wasiƙarki ya tsaya mini a rai. Fastonmu ba ya zaɓen wurin zama, inda aka tura shi nan zai je. Ni ƙauyuka da dama nake zagayawa a ƙafa, wasu sai an haye rafi, ba asibiti kusa. Wanda ke yanke jiki ya faɗi, in ya faɗi a irin wannan hanya, sai dai manoma su tsinci gawarsa. Don haka ki gaya mini tsakaninki da Allah: faɗuwar nan sau ɗaya ce, ko ta saba?

Kawunki cikin Almasihu,
Rabaran Kwamena Bentsil

Mankessim, tsakiyar Maris

Kawu Osofo,

Ina gaishe ka, ina yi wa uwargida sannu da haƙori. Ta tauna kanumfari, ta bar wa likitoci filayarsu. Gwiwata tana nan da halinta.

Ka tambaye ni ko sau ɗaya ce. Kawu, uwa tana ƙirga irin wannan? Tun tana ƙarama rana ba ta yi mata daɗi. Takan faɗi. A kasuwa, a bakin rijiya, har a hanyar makaranta an taɓa ɗauko mini ita. Ba ta son a sani, ka san 'yan matan yanzu da girman kai. In ka tambaye ta ma za ta ce ba ta tuna ba.

Ni ban ce a hana ta aikin Allah ba, wace ni? Abin da na ce, kaza ma ba a kai ta kasuwa sai ta yi nama. Ka ce Ciyaman ba sarki ba ne. Na ji. Sarauniyar masu kifi ta kasuwarmu ma haka take cewa, amma in ta yi tari kowa sai ya rufe kwandonsa. In kun tashi cin abinci, ya wanke hannu, sakwara ta sauka, ka ja shi gefe ka raɗa masa cewa a bar yarinyar nan ta ƙara shekara ɗaya a gida. Ba sai kowa ya ji ba. Ita ma ba sai ta ji ba.

Shekara tana da tsawo. Akwai wani malamin makaranta da ke zuwa rumfata kusan kullum yana sayen kifi, alhali maƙwabtansa sun gaya mini kyanwa yake ba wa. Wataƙila kafin wani Mayun ya samu bakin magana.

Na ba direban motar koko ƙunshi ya kawo maka. Manyan naka ne, ƙananan na miya.

Taka,
Araba

Mankessim, ƙarshen Afrilu

Kawu,

Lafiya kuwa? Wata guda da ɗoriya ba amsa. Kullum sai na aika gidan waya, har ma'aikacin ya fara tambaya ko saurayi na yi a tsufana. Direba ya rantse ya ba da ƙunshin a hannun uwargida. Da farko na ce shirunka amsa ce, don a wurinmu in mai saye ya yi shiru ya sa hannu a aljihu, ciniki ya faɗa. Yanzu kuma shirun nan ya hana ni zama wuri ɗaya. Jiya na ƙona rabin tiren kifi.

Ka saurare ni da kyau. Ranar Lahadi aka yi wa'azin gwajin Kukua. Fastoci suka zo daga wasu da'irori, suka zauna a gaba da biro, fuska kamar masu awon koko. Ni na zauna can baya kusa da ƙofa, na ce in ta fara rawar murya in zame, kada in ga kunyarta.

Ba ta yi rawar murya ba. Ta ɗauki labarin masuntan da suka kwana ba su kama komai ba. Ta ce kowa a ɗakin nan ya san fuskar macen da ta je bakin teku da kwando ta dawo da shi a kife. Ta faɗi yadda irin wannan macen ke hura wuta a murhu duk da haka, don kada maƙwabta su gane, don kada yara su tambaya. Kawu, ni ce. Shekarar yunwa na yi haka, tana 'yar mitsitsiya, na zaci ba ta lura ba. Ban san lokacin da wata tsohuwa ta yanko waƙa a tsakiyar wa'azin ba, irin yadda iyayenmu ke yi in magana ta ratsa su. Coci ya amsa. Da na farga, muryata ce ta fi ta kowa.

Anti Baaba ta juyo ta ce, "Araba, yau hayaƙin banda har coci ya biyo ki? Ga idonki na ruwa."

Na ce, "Albasar da kike ɓoyewa a jaka ce, Anti."

To ga magana. Ka bar zancen Ciyaman. Kada ka raɗa masa komai. Sau ɗaya yarinyar ta faɗi a duk rayuwarta, ranar kuma azumi take yi, ta tsaya cikin hayaƙi tun safe. Sauran duk farashin farko ne. Kowa ya san ba a saye a farashin farko. Na zaci za ka taya, ka ce "Haba Araba," in rage, mu haɗu a tsakiya. Ban san za ka yi shiru ba.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne. Gobe za ta hau mota zuwa Sinod, na ɗinka mata farar riga.

Araba

Kwaakrom, tsakiyar Mayu

'Yata Araba,

Salama. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya. Jiya na dawo daga Sinod na tarar da wasiƙarki ta ƙarshen Afrilu a kan teburina. Ranar da kika rubuta ta ina ƙauyukan hayin rafi, daga can kuma na wuce taro kai tsaye. Shirun da na yi kafin nan ba yarda ba ce. Addu'a nake yi a kan abin da kika ɗora mini, ban kuwa san me zan rubuta miki ba.

Ban raɗa wa Shugaba komai ba. A Sinod, abin da ba za a iya faɗa a gaban mutum ba, ba a faɗarsa a bayansa. Amma na gaskata ki, kuma na kasa ɗaukar alhakin a tsinci 'yar dangina a bakin rafi.

An kira masu neman aiki suka zauna a bencin gaba. Kukua ta amsa tambayoyi da kyau, har wani dattijo kusa da ni ya ce, "Wannan 'yar wa ce?" Aka karanta sakamakon wa'azinta, babu wanda ya fi nata. Sai Shugaba ya tambaya ko wani ya san dalilin da zai hana. Na miƙe. Na faɗi abin da kika rubuta, yadda kika rubuta shi.

Shugaba ya ce, "Ɗan'uwa Bentsil, daga wa ka ji?"

Na ce, "Daga mahaifiyarta."

Ya juya wurinta ya ce, "'Yata, kin ji. Gaskiya ne?"

Ta miƙe. Sannan ta ce, "Baba, sau ɗaya na sani. Amma mahaifiyata ta san jikina kafin ni in san shi. Ba zan tsaya a ɗakin Allah in ce ta yi ƙarya ba."

Aka yi muhawara. Wani ya ce likita ya duba ta bai ga komai ba. Wani ya ce akwai ciwon da likita ba ya gani a rana ɗaya, uwa kuwa tana gani a shekara ashirin. Wanda ya ji wa'azinta ya roƙa a bar ta ta wuce. Aka kaɗa ƙuri'a. An dakatar da sunanta. Ba zai sake zuwa ba sai da'irarku ta aiko shi sabo, tare da shaidar cewa maganar nan ta warware.

Da aka fito na neme ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi haƙorin uwargida.

Kin samu shekarar da kika nema. Ni ban iya ciniki ba, Araba. Da kika ce takan faɗi, na ɗauka takan faɗi.

Kwamena Bentsil

Mankessim, ƙarshen Mayu

Kawu,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na ga kana da ƙarfin miƙewa a gaban jama'a.

Raɗa na ce! Raɗa! Wane irin mutum ne za a ba shi magana a tafin hannu ya hau da ita kan hasumiya? Shekarunka nawa a duniya ba ka taɓa sayen ko akuya ba? Da uwargida ce ta karanta waccan wasiƙar, da tun layi na biyu ta gane.

Na yaga takarda biyu kafin wannan. Bar shi. Na san wanda ya hura wutar.

Ta dawo. Ta ninke farar rigar ta sa a ƙasan akwati. Washegari kafin in tashi ta hura murhu. Tana aiki, Kawu, aiki kamar na mutum uku. Ciniki bai taɓa yin kyau haka ba. Amma da, in tana juya kifi waƙar coci take yi, har masu dako su tsaya saurare. Yanzu sai ƙarar wuta. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Na ce, "Kukua, ki zage ni mana, ko na samu in rama." Ta ce, "Maame, ga mai saye na jiran ki."

Malamin makarantar ya zo, ta auna masa kifi, ta ce ya gaishe da kyanwa. Bai sake dawowa ba.

Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. Ka gaya mini inda gidan Ciyaman yake. Zan ɗauki kwando mafi kyau da rago, in je in durƙusa, in ce masa tsohuwa ce ta yi ruɗu. Shi da ya rufe ai yana iya buɗewa. In kuma wasiƙa ake so, ka rubuta mini da Turancinku mai nauyi in sa hannu.

Araba

Kwaakrom, Yuni

'Yata,

Muna lafiya. Uwargida ta karanta wasiƙunki duka, ta ce gaskiyarki, tun layi na biyu.

Kada ki kai rago. Shugaba ba shi da ikon buɗe abin da Sinod ya rufe, ko da yana so, kuma na san yana so. Hanya ɗaya ce, ita ce wadda Kukua ta bi. Ki fara daga ƙasa. Ki gaya wa shugabar ajinku, ta kai ki taron shugabannin ikilisiya, ki faɗi da bakinki. Su za su kai wa taron da'ira, can ma za a so a ji daga gare ki. Daga nan sai Mayu mai zuwa. Ranar ni zan miƙe in ce abin da na kawo bara ba haka yake ba. Wannan rabona ne.

Na san wace ce shugabar ajinku. Ba ni da wata ƙofa da zan nuna miki.

Kawunki

Mankessim, Yuli

Kawu Osofo,

Gaisuwa, da godiya ga uwargida, mace mai hankali. Ruwa ya sauka sosai, gwiwata ta kumbura kamar gwanda. Kukua lafiyarta ƙalau. Ka karanta layin nan sau biyu, ba komai a ƙarƙashinsa.

Na yi sati biyu ina zagaya rumfar Anti Baaba kamar kaza ta ga wuƙa. Har tumatir na saya wanda ba na bukata. Ranar da na buɗe baki, ta ajiye mudu, ta goge hannu a zane a hankali ta ce, "Araba, sake faɗi, kunnen nan nawa na dama ya tsufa." Na sake. Na jira ta yi dariya. Sai ta ce, "Alhamis bayan an tashi kasuwa. Ki ci abinci kafin ki zo, kada ke ma ki faɗi mana."

Na je. Suna zaune a ɗakin bayan coci: babban fasto, ma'aji, shugabannin aji, rabinsu mutanen da na taɓa yi wa dariya a ciniki. Na shirya magana mai zagaye, mai ganye da furanni. Da na miƙe sai ta gudu. Na ce, "'Yata ba ta da ciwo. Ni na ƙirƙira, don ina son ta gaje ni." Magatakarda ya ce in dakata, bironsa ya ƙafe. Na tsaya a tsaye ana neman wani biron a aljihuna. Da aka samu, sai da na maimaita daga farko. Sun amince za su kai taron da'ira na watan Satumba. Can kuma mutanen garuruwa ne da yawa, ciki har da matan da ke kawo mini kifi daga bakin teku. Kafin Kirsimeti duk gaɓar nan za ta san Araba. To, ta sani.

Ban gaya wa Kukua zan je ba, amma kasuwa ba ta da ƙofa. Da safe muna jera kifi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maame, ki aika a kawo 'yar 'yar'uwarki Anti Efua daga ƙauye. Hancinta ba laifi. Kafin Mayu zan koya mata abin da ya samu." Na ce to. Ba ta fara waƙa ba tukuna. Ban kuma tambaya ba.

Wani abu ɗaya, Kawu. Na ji an ce in sun gama makarantar fastoci, Babban Taro ne ke raba musu wuraren aiki, kuma ga wata da'ira nan kusa da mu, tafiyar mota kaɗan, fastonta ya tsufa har ba ya ganin lambar waƙa. In Allah ya sa ka haɗu da Ciyaman, kuna cin abinci, ya wanke hannu...

A'a. Bar shi. Takarda ta yi tsadar da ba zan yaga ta uku ba, shi ya sa na bar layin. Kada ka gaya wa kowa komai.

Taka,
Araba